Hannun hagu da sandar ciko: yadda ɗan ƙanwata ya koyi waldar argon a Damagaram

Ana tsakiyar hunturu wata Hajiya mai sana'ar yawur ta aiko mana da tankinta na inoks, wato farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, a kan amalanke. Wuyan bututun da ake tsiyayo madara ta cikinsa ne ya tsage. Kafin ya iso wurinmu wani ya riga ya gwada sa'arsa da bagat, wato sandar walda irin ta waldar ƙofa, ya bar mata huji uku da baƙin tabo kamar gindin tukunya. Kaurin ƙarfen milimita 1.5 ne, kuma an buga lamba 304 a jikinsa. Hajiya ta ce ba ta gaggawa don tana da wani tankin, amma lalle tana son wannan kafin azumi, lokacin da kasuwar yawur ke tashi. Da muka ƙirga, muna da kamar mako shida.

A hannuna aikin bai fi na yini ɗaya ba. Sai dai idona ya fara gajiya, sai na sa tabarau a ƙarƙashin hular walda nake ganin bakin ƙarfe da kyau. Don haka na ce ɗan ƙanwata, wanda ya shekara bakwai a shagona, shi zai yi shi. Ga yadda makonnin suka tafi, da kurakuransa da nawa.

Yaron da kayan aikin

Ba baƙon wuta ba ne. Ƙofa, taga, gado, kurar ƴan ga-ruwa, duk ya ƙware, kuma a garin da ruwa ke wahala kamar namu kura ba ta yankewa a bakin shagon mai walda. Ya daɗe yana damuna da maganar waldar argon, wadda a takarda ake kira TIG. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011 a kan hanyar Tanut, yaran shaguna ke jin cewa mai waldar bututu da argon shi ne mai walda, sauran kuwa masu liƙa ƙofa ne. Ban yarda da wannan magana ba, amma na san tana cin su a rai.

A waldar da ya saba, bagat ɗaya ce ke yin komai. Ita ke ɗaukar wuta, ita ke narkewa ta cika haɗin, garin da ke jikinta kuma shi ke ƙonewa ya kare narkakken ƙarfe daga iska. Hannun dama ke aiki, na hagu yana riƙe da madubin kare fuska. Shekara bakwai ke nan hannunsa na hagu bai san komai ba sai riƙon madubi.

A waldar argon an raba aikin uku. Akwai allurar tungstin a cikin toci, ita ke ba da wuta amma ba ta narkewa, don tungstin sai ya kai digiri 3,422 yake narkewa. Akwai iskar argon da ke fitowa ta kofin tangaran ta lulluɓe wurin. Sannan akwai sandar da ake cika haɗin da ita, siririyar waya tsirara mai tsawon kusan mita ɗaya, wadda ba ta ɗauke da wuta ko kaɗan. A shago bagat muke ce mata ita ma, amma a nan zan kira ta sandar ciko don kada a rikita su. Hannun hagu ne ke ciyar da ita. A masana'antar jiragen sama ta Amurka aka fito da wannan hanya, wani Russell Meredith na kamfanin Northrop ya samu rajistarta a 1942, kuma a lokacin da iskar hiliyam suke yi.

Injinmu ƙarami ne, na wutar DC kaɗai, wato lantarki mai bin hanya ɗaya. Ba shi da fedar ƙafa da ake rage wuta ko ƙara ta ana cikin aiki. Sai ka taɓa allura a ƙarfe ka ɗaga sannan wuta ta kama, iskar kuma da hannu ake buɗe ta a wani ɗan makunni da ke wuyan toci.

Babbar matsalarmu ita ce argon. Daga Kano ake kawo mana, ta Daura da Matamaye, kuma tun rufe iyakar 2023 na koyi lissafa ta kamar hatsi a rumbu. Babbar tukunya mai lita 50, in an cika ta har matsinta ya kai bar 200, tana ɗauke da wajen lita 10,000 na iska. In ana sakin lita 8 a minti, kusan awa 20 ke nan na wuta. Tamu rabi ce. Awa goma, kuma sai an ware biyu domin tankin Hajiya. Wato cikin awa takwas na wuta ake so yaro ya koyi abin da ni na shafe watanni ina koya a Kano da iskar maigida.

Makon farko: ba sanda

Na hana shi taɓa sandar ciko. Na ba shi guntayen baƙin ƙarfe masu kaurin milimita 3, an goge su da giranda har sun yi fari, na sa inji a ampiya 90, na ce ya narkar da ɗan wuri ya tura shi gaba a miƙe. Wannan narkakken wuri mai sheƙi nake kira tafki, kuma duk waldar argon a kansa take.

Nan take tsohuwar al'ada ta fito. Mai waldar bagat kullum hannunsa na sauka, domin bagat na ƙarewa yana bin ta. Allura kuwa ba ta ƙarewa. Sai ya riƙa nutsa ta cikin tafki, bakinta ya kwaso ƙarfe, wutar ta bazu ta koma yawo. Duk nutsawa ɗaya sai an tsaya, a zare allura, a yanke inda ya ɓaci, a sake wasa ta. Wasan ma da ƙa'ida: a tsaye ake yi, zanen dutse ya bi tsawon allura, ba a kewaye ba. A yini na biyu na daina ƙirga zuwansa wurin giranda.

A yini na huɗu ya daina nutsawa, layinsa ya miƙe, na yi murna. Ban lura da yadda aka yi ya daina ba. Ashe tsoro ne ya sa ya ɗaga toci sama, ya kuma kwantar da shi baya don ya riƙa hango bakin allura. In ba sanda, wannan ba ya nuna aibi sosai. Kuskurena na farko ke nan, kuma shi ya haifi wahalar mako biyu.

Kashin awaki

Ranar da na miƙa masa sanda, abin da ya fito bai yi kama da walda ba. Dunƙule-dunƙule ne a jere kamar kashin awaki, wasu sun manne, wasu ana ɓamɓare su da farce. Inda ya ɗan haɗu kuma ya yi ido-ido kamar funkaso.

Ya ce, "Kawu, sandar nan ba ta da kyau."

Na ce masa mai koyon rawa ne ke cewa ƙasa ta karkace. Amma da dare na ɗauki sandar na gwada da kaina, sai tafki ya riƙa tafasa yana tofi. Yaro ya yi gaskiya. Sandunan da na sayo a kasuwa jajaye ne masu rufin tagulla, ba lamba a jikinsu, mai shagon ya ce na argon ne. Na waldar gas ne, irin wadda masu gyaran salansa ke yi. A ido ba ka raba su. Bambancin yana ciki: sandar argon ta baƙin ƙarfe, irin su ER70S-2 da ER70S-6, an sa mata sinadarai kamar silikon da manganis masu kame iskar oksijin da ke cikin tafki, ta gas kuwa ba ta da su yadda ya kamata. Ta gaskiya za ka ga an daddale ƙarshenta an buga lamba. Na tono ragowar ER70S-6 mai kaurin milimita 1.6 da nake ɓoyo, ido-idon ya ɓace.

Kashin awaki bai ɓace ba. Kuma da yake ya ci gaskiya sau ɗaya, sai ya ɗauka duk sauran laifin ma na kaya ne. Yau inji, gobe allura, jibi wutar gari ce ba ta da ƙarfi. Kwana uku muka yi a haka, allurar agogon tukunya tana sauka ina kallo.

A rana ta huɗu na sa tawa hular na tsuguna gefensa, na ƙudura ba zan kalli waldar ba, hannuwansa zan kalla. Tsakanin allura da ƙarfe ya kai milimita 6, alhali bai kamata ya wuce kaurin allurar da kaɗan ba, wato kamar 2. Toci ya kwanta kusan rabi. Wutar, maimakon ta tsaya a tsuke a kan tafki, ta buɗe kamar bakin mazurari tana hura zafi gaba, daidai inda sanda ke tahowa. Ita kuma sandar daga sama yake kawo ta, yana cusa ta cikin harshen wutar. Kafin ta kai ƙarfe ta riga ta narke ta dunƙule, sai ƙwallon ya faɗo a kan ƙarfen da bai narke ba.

Na kashe inji na ce, "Ɗana, wa ka ba aikin narkar da sandar nan?"

Ya ce, "Wuta mana, Kawu."

Na ce, "In an kawo maka tuwo, man shanun a kan garwashi kake riƙe shi ya narke, ko a cikin miya kake sa shi?"

Ya yi shiru, sannan ya yi dariya.

Wannan shi ne gaba ɗayan lamarin. Wuta tana narkar da ƙarfen aiki ta yi tafki, tafki kuma shi ke narkar da sanda. Sanda ba ta da hulɗa da harshen wuta. Ana kwantar da ita ƙasa-ƙasa, kamar digiri 15 zuwa 20 daga fuskar ƙarfe, toci kuma ya tsaya kusan a miƙe, ya ɗan jingina baya da kamar digiri 15. Sai a dangwala bakin sanda a leɓen tafki na gaba. In an dace za ka ga tafkin ya tsotse ta da kansa, ya ɗan kumbura, ya ɗan tsuke don sanyin da ya shige shi. Ka janye sanda kaɗan, ka matsa gaba kaɗan, ka jira tafki ya dawo girmansa, ka sake dangwalawa. Kumburin nan ma tarko ne, don in allura ta yi ƙasa da yawa tafkin zai taso ya same ta, kai kuwa kana rantsuwa ba ka motsa ba.

Akwai abu na biyu da na gani. Bayan kowace dangwala sai ya fizge sandar baya da nisa, kamar wanda ya taɓa wuta. Bakinta yana ja zur, ya fita daga inuwar argon, iska ta same shi ya yi baƙi, sannan ya mayar da wannan baƙin cikin tafki. Janyewar ba ta wuce ƴan milimita, bakin sanda ya tsaya a ƙarƙashin iskar kofi.

Na uku shi ne ya fi wuya. Ya damƙe sandar kamar mai riƙe da bulala. Tana ƙarewa hannunsa na matsowa wuta, in zafi ya ishe shi sai ya tsaya cak ya gyara riƙo, hannun dama ma ya tsaya, tafki ya faɗaɗa. Duk bayan santimita biyar akwai tabon wannan tsayawa.

Kwana goma ba wuta

Biyun farko magana ce da gyaran zama. Na uku kuwa yatsu ne, kuma yatsu ba sa jin magana, sai maimaici. Ba ni da iskar da zan ƙona a kan maimaici. Na rufe tukunya na sa makullin a aljihu.

Na nuna masa riƙon: sanda ta kwanta tsakanin manuni da ɗan yatsan tsakiya, ta bi ta kan gindin babban yatsa, babban yatsan ya riƙa tura ta gaba kaɗan-kaɗan, hannun kansa bai motsa ba. Ya gwada, sanda ta faɗi. Ya sake, bakinta ya riƙa rawa kamar jelar ƙadangare. Sai na tuna masa da abin da yatsunsa suka riga suka sani, na ce ya ɗauka carbi yake ja, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, sai dai da hagu. Daga nan abin ya fara shiga.

Na ba shi sanda ɗaya da safar hannu ta fata mai laushi, na ce duk inda ya zauna ya riƙa ja, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya juya ya sake. Da safar dole, don wanda ya koya da hannu tsirara ranar aiki sai ya koma farko. Da dare a fadarsu, ana dafa shayi yana jan waya. Abokansa suka sa masa suna mai tazbahar ƙarfe. Ya zo yana ƙorafi, na ce su ci gaba.

Da rana kuma, in aikin ƙofa ya lafa, sai ya zauna a teburi da toci a kashe. Na ɗiga masa ɗigo a jere a kan faranti, tsakaninsu milimita 3. Toci a dama yana bin ɗigon bai taɓa ba, sanda a hagu tana dangwala kowane ɗigo. Na sa shi ya kafa gefen hannunsa na dama a kan bulo na katako, domin ba mai riƙe tazarar milimita 2 da hannu a sama. Na ce ya riƙa ƙirgawa a ransa kamar luguden mata a turmi, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi.

Akwai wata hanya da ake kwantar da sanda a cikin haɗin a bi ta kanta da wuta, ba dangwala. Ya gan ta a waya ya ce me zai hana. Masu bututu na yin ta, tana da wurinta. Amma ban yarda ɗan koyo ya fara da ita ba, don tana ɓoye masa tafki, ba zai san ko gindin haɗin ya narke ko sandar ce kawai ta shafe a sama ba.

Ranar da na buɗe tukunya, layi na uku da ya ja ya fito da tsari, gaɓa-gaɓa a jere kamar kitson da aka yi da natsuwa. Bai ce komai ba, ya ɗauki farantin da filaya ya kai wa maƙwabcinmu mai faci ya gani.

Iska, da iskar da muka yi asara

Shagonmu rumfa ce mai buɗaɗɗen gaba. Waldar bagat ba ta damu da iskar hunturu ba, ta argon kuwa ko fanka ba ta so. Wata safiya iska na kaɗawa, walda ta koma toka-toka da ramuka. Ina wajen sayen ƙarfe, sai ya yi dabara ya murɗa iskar argon zuwa lita 15 a minti. Bai gyaru ba. In argon ta fito da ƙarfi fiye da kima sai ta hautsine ta jawo iskar waje cikinta, ga kuma ɓarna. Muka kafa tsofaffin kwanon rufi a gefe biyu, muka bar sama da baya a buɗe, saboda hayaƙin inoks ba abin shaƙa ba ne, argon kuma ta fi iska nauyi, tana taruwa a rufaffen wuri. Muka mayar da gwaji bayan la'asar, lokacin da muka lura iskar na kwantawa. Ƙura ma sai da muka yi da ita, kowace sanda sai an share ta da tsumma mai asiton kafin a ɗauka, za ka ga jan datti a tsumman.

Babbar asarar kuwa ta zo ranar da aka kira azahar ya ajiye toci bai rufe makunnin wuyansa ba. Muka yi salla, muka ci abinci, muka dawo muka tarar tana huci. Fiye da minti arba'in. Ban yi masa faɗa ba, na nuna masa agogon tukunya kawai. Tun daga ranar, ko ruwa zai sha sai ya rufe tukunyar daga sama.

Ya kuma sha ƙunar haske sau ɗaya. Waldar argon ba ta tartsatsi, sai ya raina ta ya bar wuyan riga a buɗe. Washegari fatar wurin ta yi ja tana zafi kamar an zuba barkono. Ni kuma na sa shi ya riƙa lanƙwasa ƙarshen kowace sanda, don waya mai tsawon mita tana lilo daidai idon duk wanda ya zo wucewa.

Inoks

A mako na huɗu muka koma guntayen inoks masu kaurin tankin. Sandarsa ER308L ce, ita ake yi wa 304, ƙarfen da ke da kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Harafin L na nufin kabon ɗinta kaɗan ne, don kada gefen waldar ya yi tsatsa daga baya. Burushin da ya taɓa baƙin ƙarfe ba ya taɓa inoks, sai na saya masa sabo na ɗaura masa jan zare.

Inoks ba ya watsa zafi kamar baƙin ƙarfe, yana tara shi wuri ɗaya. Mun sa ampiya 45, duk da haka in ka yi jinkiri sai ya lotsa ya huje. A nan ne ya gano amfanin sanda na biyu, wanda ni ban taɓa iya faɗa masa da baki ba. Tun da ba mu da feda, sandar ce birkinsa. In ya ga tafki na faɗaɗa yana neman zubewa, sai ya ƙara saurin dangwala, kowace dangwala tana shanye zafi. In tafki ya tsuke, ya rage. Sanda mai 1.6 ta yi wa ƙarfe mai 1.5 kauri, tana daskarar da tafkin ta manne, sai na sa direban da ke kawo mana kaya ya samo waya mai 1.2 ta irin lambar, muka yanka muka miƙar.

Inoks kuma ba ya rufa wa kowa asiri, launinsa ke ba da labari. Ruwan zinariya ko na busasshiyar ciyawa, lafiya. Shuɗi, zafi ya fara yawa. Toka ko baƙi, an dafa ƙarfen ko iska ta shiga. In ya gama layi sai ya tsayar da toci a wurin na ƴan daƙiƙu iska na zuba, bakin sanda ma yana ciki. In ya manta bakin ya yi baƙi, a datse shi kafin a ci gaba.

Saura kwana goma na ba shi gwajin da ya fi kama da aikin: guntun bututu a tsaye a kan faranti, ya kewaye gindinsa. Ya fito da kyau har na ji daɗi. Muka yanka shi da giranda, muka damƙe a bais, abin matse ƙarfe, muka lanƙwasa. Ya buɗe. A can cikin kusurwar akwai siririn rami da ya bi tsawon haɗin. Yana ganin gefe biyu sun narke sai ya sa sanda, ta yi gada a sama, kusurwar kanta ba ta narke ba. A ƙofa wannan ba komai ba ne. A tankin madara kuwa, nan ne madara za ta maƙale ta ruɓe, ba wankin da zai kai wurin.

Ransa ya ɓaci ƙwarai, don ya riga ya saba da yabo. Maganin haƙuri ne na daƙiƙa ɗaya: a matso da allura cikin kusurwa, a jira har tafkin gefe biyu ya haɗe ya nutsa ciki, sannan a kawo sanda. Gwaji na huɗu ya lanƙwashe bai buɗe ba.

Tankin

Muka yanke duk inda mai bagat ya ƙona, muka yanko faci daga inoks irinsa, muka zaunar da shi ba rata. Ya ɗiga masa walda duk bayan santimita biyu don kada zafi ya murɗe shi. Ta ciki muka rufe wurin da wani ɗan gwangwani da tef na alminiyam, muka sa masa reshen tiyo yana zuba argon a hankali. In ba a yi haka ba bayan waldar inoks sai ya yi ƙurji baƙi mai kaushi, kuma bayan nan shi ne cikin tankin. Wannan ya ci iska sosai, amma dominsa na ware awa biyun.

Ya yi facin guntu-guntu, yana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, yana barin ƙarfe ya huce. Sannan wuyan bututun. Kashi uku cikin huɗu na kewayen shi ya yi. Ta ƙarƙashi, inda dole mutum ya kwanta a ƙasa sanda ta shigo ta inda hannu bai saba ba, ya fara sau biyu yana nutsa allura. Na karɓa na yi wannan santimita huɗun da kaina. Ya so ya yi musu, na nuna masa agogo.

Muka sayi ruwa wurin ɗan ga-ruwa muka cika tankin ya kwana. Da safe akwai danshi wuri ɗaya, ɗigo kamar kan allura, daidai inda ya tsaya ya sake tashi. Injin da ba ya rage wuta a hankali yana barin ɗan rami a ƙarshen layi, sai an ƙara dangwala ɗaya an ja tafkin gefe da sauri kafin a ɗauke wuta. Ya sani, a nan ne ya manta. Muka zubar da ruwan a randunan gida, ya goge wurin, ya sake bi. Kwana na biyu tanki ya tashi a bushe. Muka goge launin zafin da burushinsa mai jan zare, aka wanke ciki da waje, amalanke ya zo ya ɗauka saura kwana huɗu a ga wata.

Abin da ya iya yanzu shi ne baƙin ƙarfe da inoks, a kwance a kan teburi, da haɗin kusurwa. A tsaye hannunsa na rawa har yanzu, ta ƙarƙashi kuwa bai fara ba. Bayan salla wani ɗan kabu-kabu ya kawo murfin injin babur na alminiyam da ya fashe, yaron ya karɓa kafin in iso. Na sa ya mayar masa. Alminiyam na narkewa a digiri 660, amma fatar da ke kansa sai ta haura 2,000, kuma wutar AC, mai kai da komo, ce ke fasa ta, injinmu ba shi da ita. Tun ranar yake yi mini lissafin kuɗin sabon inji. Tukunyar dai tana jingine a bakin shago, babu komai a ciki, tana jiran motar Kano ta ranar Laraba.